Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Matasa ke Kallon Zama Aji Ɗaya da Masu Nakasa?

TAMBAYA: Ni malami ne a wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo a ƙaramar hukumar Shanga. A ajina, wanda ɗalibansa sun haura 60, akwai yaron da shan inna ya taɓa tun yana ƙarami, da rarrafe yake shigowa aji. Akwai kuma yarinya 'yar shekara 14 da sanƙarau ya tafi da jinta tana aji huɗu na firamare. Tana magana, amma ba ta ji. Wasu iyaye sun fara ƙorafin ana ɓata wa 'ya'yansu lokaci. Wani abokin aikina kuma ya ce zalunci ne a bar su cikin masu lafiya, gara a kai su makarantar 'yan'uwansu a Birnin Kebbi. Kowa na tofa albarkacin bakinsa, amma ban ji wanda ya ce ga abin da yaran suke so ba. Shin su matasan, masu nakasa da marasa ita, yaya suke kallon wannan zama na aji ɗaya? Daga wani malami, Shanga, Jihar Kebbi.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri da ka tuna da waɗanda ake ta shawara a kansu ba a kira su zauren ba. A taƙaice, yawancin matasa ba su ƙin zama aji ɗaya, ko masu nakasar ko marasa ita. Sai dai abin da ke damunsu ba shi ke damun manya ba. Iyaye suna lissafin mintocin darasi, hukuma tana lissafin sunayen da ke cikin rajista, shi kuwa ɗan shekara 14 lissafinsa guda ne: idan aka kaɗa ƙararrawar tara, wa zai nemo ni? Kuma tun yanzu ka sani, yaran nan naka biyu ba matsalarsu ɗaya ba, don haka amsa ɗaya ba za ta ishe su ba.

Masana sun daɗe suna yi wa ɗalibai irin wannan tambaya taka, kodayake mafi yawan binciken a ƙasashen Turawa aka yi shi, inda aji bai cika kai rabin naka ba. A 1999 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Janette Klingner da Sharon Vaughn, sun tattara sakamakon bincike 20 da aka yi a kan ɗalibai sama da 4,000, cikinsu har da masu wahalar koyo. Abin da waɗannan yara suka nema shi ne a ba su littafi irin na kowa, aikin gida irin na kowa, a kuma auna su da ma'aunin da ake auna kowa. Da su da sauran 'yan ajin, malamin da suka fi yabawa shi ne mai sassauta gudu idan ya ga an yi baya, mai maimaita bayani ta wata hanyar. Wato abin da iyaye ke kira ɓata lokaci, su yaran shi suke kira iya koyarwa. A 2007 ma masana a Jami'ar Manchester ta Ingila sun duba bincike 26 a kan ko zama da masu nakasa yana rage ƙoƙarin sauran ɗalibai. Kashi 81 cikin ɗari na sakamakon ya nuna ko dai bai rage komai ba, ko kuma ya ma ƙara. Wannan ka riƙe shi domin ranar taron iyaye da malamai. A aji mai mutum sittin da ɗoriya, yaron da ke bencin baya wanda bai gama iya Turanci ba yana cin moriyar duk wata maimaitawa da aka yi domin yarinyar, ko da bai taɓa ɗaga hannu ya nema ba.

Amma akwai ɓangaren da ba shi da daɗin ji. A dai 2007 ɗin, Gary Siperstein da abokan aikinsa sun tambayi matasa kusan 6,000 a Amurka game da takwarorinsu masu raunin fahimta. Da yawa sun yarda su gaisa da su a makaranta, su ara musu alƙalami. Da aka zo maganar yin hulɗa bayan an tashi, kamar gayyata gida ko fita yawo tare, sai adadin ya faɗi ƙasa. Wannan binciken a kan wata nakasa ce daban da ta yaranka, amma duk malamin da ya taɓa tsayawa bakin taga lokacin tara ya san hoton. Ana yi wa yaro kirki, ba a abota da shi. Babu mai zaginsa, babu kuma mai ajiye masa wuri. Idan ka tambayi 'yan ajin za su ce maka da gaskiyarsu ai suna sonsa, shi kuwa idan ya yarda da kai zai ce maka ba shi da kowa. Duka biyun ba ƙarya suke ba.

Mu a ƙasar Hausa zama tare ba baƙon abu ba ne. Makarantar allo ba ta taɓa ware wa makaho tsangayarsa daban ba, kuma mun ga makafi mahaddata da ake sallar asham a bayansu. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, makaho ne, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Kowane ɗan islamiyya ya san Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da ke kiran salla, wanda Manzon Allah (SAW) ya sha bar wa riƙon Madina idan zai yi tafiya. To amma muna da wata al'adar kuma, wadda ta riga ta yanke wa mai nakasa sana'a tun yana goye, ta miƙa masa ƙoƙon bara. Yaran ajinka da duka biyun suka taso. Shi ya sa abin da ya fi yawa a zukatansu tausayi ne, ba ƙiyayya ba, kuma tausayin nan shi ne abin da matashi mai nakasa ya fi tsana. "Allah sarki" ɗin da ake bin sa da ita duk inda ya gifta tana yi masa nauyi fiye da yadda masu faɗinta ke zato. Malamai ma muna da namu laifin a nan. Mukan tsallake shi idan ana karɓar aikin gida, mu ƙara masa maki biyar don Allah, mu ƙi jefa masa tambaya kada ya ji kunya. Shi ya fahimci ba a ɗauke shi ɗalibi ba, sauran kuma sun ga son kai, daga nan gunaguni ke farawa. Matasa suna yarda a ba wani ƙarin lokaci ko bencin gaba muddin sun san dalili. Makin da ba a yi wa gumi ba ne ba sa yafewa.

Lamarin yaron ya fi sauƙi, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Shan inna ƙafa yake taɓawa, ba ya taɓa kai. Tun watan Agustan 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan cikinmu, da yawansu yanzu suke samartaka. Ban ga abin da makarantar Birnin Kebbi za ta koya wa wannan yaro wanda ajinka ba zai iya ba. Matsalarsa a ƙasa take: dakalin ƙofar aji, yashin hanya, taɓon damina, sai kuma wadda ba zai taɓa faɗa maka ba, wato ban-ɗaki. Ka je da kanka ka leƙa masan makarantar, sannan ka tuna shi da tafin hannu zai shiga, silifa ɗaya a kowane hannu, kuma da hannun nan zai dawo ya riƙe biro ya ci ƙosai. Yara da yawa irinsa sukan ƙi shan ruwa tun safe don kada buƙatar ta taso, wasu kuma su riƙa sulalewa gida kafin a tashi, a rubuta su cikin masu fashi. Buhun siminti da 'yan tubala sun isa a yi gangara a ƙofar aji, masu walda kuma suna ƙera keken guragu mai tuƙin hannu. Sannan a daina barin sa gadin jakunkuna idan an fita wasa. Ƙwallon da guragu ke bugawa da hannu a kan katako mai taya a nan ƙasar aka ƙirƙiro ta, Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano wanda shi ma shan inna ya taɓa, shi ya assasa ta a 1988. Ka gwada sa 'yan ajin su zauna ƙasa su kara da shi da hannu, ka ga wanda zai sha kashi. Kuma duk wanda ka ji ya kira shi "Gurgu" a maimakon sunan da ubansa ya raɗa masa, ka tsawata tun a karon farko.

Yarinyar ce ke buƙatar dogon tunani, kuma a kanta abokin aikinka bai yi kuskure gaba ɗaya ba.

Ka duba yadda darasi ɗaya yake wuce mata. Ka shigo, ka yi sallama, ta ga bakinka ta gane. Ka juya ka fuskanci allo kana rubutu kana bayani, daga wannan lokacin ita darasi ya yanke, ƙeyarka kawai take gani. Ka juyo ka jefa tambaya, wani daga baya ya amsa, kafin ta waiga ta gano mai maganar ya riga ya rufe baki. Aji ya fashe da dariya, ita ma ta yi murmushi don kada a gane, a ranta kuwa tana tambayar ko da ita ake. Idan ka tsaya jikin taga haske na bayanka, fuskarka ta zama inuwa, leɓɓan ma sun ɓace mata. Idan aka zo shifta, sai ta leƙa littafin ta kusa da ita, wata rana a ba ta, wata rana a rufe da hannu. Haka za ta yi awa biyar ko shida kamar mai kallon talabijin da aka kashe wa murya. Karanta leɓe kuwa ba abin dogaro ba ne, domin sautuka da yawa kamarsu ɗaya a baki, wasu ma a maƙogwaro ake yin su, ido ba ya kai wa can. Rabin abin da take yi cinta ne, kuma cinta tana gajiyarwa. In ka ga ta kifa kai a benci bayan tara, ba lalaci ba ne.

Wannan ne ya sa a cikin duk masu nakasa, kurame ne suka fi nuna shakku a kan ajin haɗaka. Ƙungiyar Kurame ta Duniya ta daɗe tana cewa ajiye yaro kurma shi kaɗai cikin masu ji, babu malami mai yarensa, babu tsara mai yarensa, ba haɗaka ba ce. Matasa kurame da yawa da suka koma makarantun kurame sukan ce a can suka fara sanin daɗin hira, har da gulma da musu da tsokana, abubuwan da mu masu ji ba mu ɗauke su komai ba. Muna da irin waɗannan makarantu: ta Tudun Maliki a Kano da aka buɗe a 1977, ta Abdurrashid Adisa Raji a Sakkwato, da wadda abokin aikinka ya ambata. Maganar hannun da ake koyarwa a yawancinsu tushenta na Amurka ne, ta shigo ta hannun Andrew Foster, wani baƙar fata kurma ɗan Amurka da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kafin nan. Wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000, ta nuna cikakken harshe ce mai ƙa'idojinta, kuma masu ji da yawa a kasuwa da unguwa suna taɓa ta daidai gwargwado.

To me zai hana a kai ta? Kai ka fi ni sanin amsar. Daga Shanga sai an bi ta Koko da Jega kafin a kai Birnin Kebbi, wato makarantar kwana ke nan, da kuɗin mota da na guzuri. Tun kuma ranar 17 ga Yunin 2021, da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, har wasu 'yan matan suka shafe kusan shekara biyu a daji, ba ƙaramin aiki ba ne ka shawo kan uba a masarautar Yauri ya tura 'yarsa kwana a wani gari, balle 'yar da ko harbi aka yi ba za ta ji ba. Mu faɗa wa juna gaskiya: idan aka fitar da yarinyar nan daga ajinka, abin da ya fi yiwuwa ba Birnin Kebbi za ta ba, gida za ta koma, daga nan sai talla ko aure. Masu cewa a kai ta inda ya dace su fara tambayar wa zai kai ta.

Tana kuma da jarin da wanda aka haifa kurma ba shi da shi. Ta ji Hausa kusan shekara goma kafin ciwon, tana magana, ta fara karatu da rubutu. Rubutu shi ne igiyar da za ta riƙe, saboda haka duk abin da ka faɗa mai muhimmanci ka sa shi a allo, ka gama rubutun sannan ka juyo ka yi bayani. Ta zauna gaba ta gefe, inda za ta ga fuskarka ta kuma iya waiga aji. Idan wani ya ba da amsa, ka nuna shi da hannu, ka maimaita abin da ya ce. Ka ci gaba da sa ta magana a aji ko da muryarta ta fara canzawa, domin wanda ba ya jin kansa muryarsa takan kauce, kuma dariya ɗaya ta isa ta sa ta yi shiru har ƙarshen zango. Ka shawarci iyayenta a auna jin nata a sashen kunne na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kurumtar sanƙarau takan yi tsanani, amma wani lokaci akan sami ragowar ji a kunne ɗaya wanda na'ura za ta taimaka wa. Kada dai su sayi na'urar a kasuwa ba tare da gwaji ba.

Babban maganin kuwa yana zaune a kan bencinan ajinka. Ƙasarku ƙasar harsuna ce. Yaro yakan zo makaranta da Gunganci ko Shanganci ko Kambarci ko Dukanci ko Fulatanci a bakinsa, kuma ba a allo yake ƙwarewa a Hausa ba, a filin wasa da bakin ruwa da kasuwar Yauri yake tsintarta. Yaran da suka saba da haka ba za su ga maganar hannu wani dutse ba. Ka nemo wani babba kurma a garin, da wuya a rasa, ko tela ko masunci ko wanda ya taɓa zama makarantar kurame, ka roƙe shi ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako yana koya wa ajin gaba ɗaya, har da kai. Kada a ce darasin yarinyar ne, a ce na kowa ne. 'Yan mata sukan riga maza karɓar irin wannan, kuma da zarar sun gano za su iya hira daga wannan kusurwar aji zuwa waccan ba ka ji ba, to kai ne za ka koma roƙon a sauke hannu. A ranar ce yarinyar za ta tashi daga wadda ake taimaka wa ta koma wadda ake tambaya. Abu ɗaya za ka kiyaye: kada ka ɗora wa ƙawa ɗaya nauyinta dindindin. Wadda aka mayar 'yar rakiya takan gaji, ita kuma wadda ake rakawa takan ji ta zama kaya. A riƙa karɓa-karɓa, mutum uku ko huɗu.

Ta fuskar doka kana da madogara. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, sannan a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci. Dokar ta ba su ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, kowace ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin su, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja. Ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika a farkon 2024. Ni da kai mun san tazarar da ke tsakanin takardar Abuja da ƙofar ajinka. Duk da haka, shugaban makarantarku yana da hujjar rubuta wa hukumar ilimi ya nemi malamin da ya karanci wannan fanni, irin waɗanda Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo da Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ke yayewa. Idan lokacin jarrabawar fita ya zo, a rubuta nakasar yaran tun wurin rajista, domin hukumomin jarrabawa suna da tanadi ga irinsu, amma sai an sanar da su da wuri.

Hukuncina shi ne yaron ya zauna, babu wata tantama. Yarinyar ma ta zauna, bisa sharaɗin ajin zai koyi yi mata magana. Idan shekara ta zagayo ka ga har yanzu ita kaɗai take cin abincinta lokacin tara, karatun kuma bai motsa ba, to a sake zama da iyayenta a duba makarantar kurame da idon basira, kuma a kai ta ta gani da idonta kafin a yanke.

Kafin duk wannan, Malam, ka tambaye su. Ba a gaban aji ba, ba kuma tare ba. Shi ka same shi bayan an tashi, ita kuma ka rubuta mata a takarda, da Hausa, a gaban wata malama ko mahaifiyarta: me ya fi ba ki wuya a makarantar nan, wa kike so ki zauna kusa da ita, kina so ki ci gaba a nan ko kina son ganin wata makarantar? Ka ba ta takardar ta tafi da ita gida ta kawo amsa washegari. Sauran 'yan ajin ma ka ba su 'yan takardu su rubuta ra'ayinsu ba suna. Muna roƙon ka rubuto mana abin da suka ce, domin malamai irinka a Ngaski da Yauri da sauran wurare su amfana. Allah ya taimaka, ya ba yaran ilimi mai albarka.